Ciwon Jijiyoyin Motsi: Yadda Ake Bin Sawunsa Wata Bayan Wata

Idan likita ya gaya wa iyali cewa ɗan'uwansu yana da ciwon jijiyoyin motsi, kuma ciwon ba shi da maganin warkewa, tambayar da ke biyo baya kusan kullum ɗaya ce: "To likita, yanzu me zai faru, kuma yaushe?" Ba wanda zai iya faɗin ranar, domin rai da ajali suna hannun Allah. Amma akwai abin da ake iya aunawa, wato saurin tafiyar ciwon. A jikin wani yana gudu, a jikin wani yana rarrafe. Iyalin da suka san saurinsa a jikin nasu marar lafiya suna shirya kujera kafin ƙafa ta kasa, su gyara abinci kafin ya fara ƙwarewa, su bar shi ya faɗi abin da ke ransa tun muryarsa tana fita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ɗan littafi yana bayyana yadda likitoci suke auna tafiyar ciwon, abin da suke dubawa kafin su yi hasashe, da aikin da ku ma za ku iya yi a gida da littafin rubutu da biro da sikeli.

Wane irin ciwo ne wannan?

Kafin mutum ya ɗaga hannu, sai saƙo ya tashi daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta lakar gadon baya, ya isa ga tsoka. Jijiyoyin da ke ɗaukar wannan saƙo su ake kira jijiyoyin motsi. Ba su ne jijiyoyin da jini ke bi ba. A wannan ciwo jijiyoyin motsi suna mutuwa kaɗan-kaɗan. Tsokar da saƙo ya daina zuwa mata sai ta yi rauni, ta rame, wani lokaci ta sandare, a ƙarshe ta daina aiki.

Wani likita Bafaranshe mai suna Sharko, wanda ya yi aiki a birnin Faris, shi ya bayyana ciwon dalla-dalla tsakanin 1869 da 1874. Shi ya sa a ƙasashen da ake aiki da Faransanci ake kiransa ciwon Sharko. A takardar asibiti za ku ga an rubuta Charcot ko SLA. A Najeriya da Gana kuwa za ku ga ALS ko MND.

Ciwon ba shi da yawa. A Turai yakan kama kamar mutum 2 cikin 100,000 a shekara. Ya fi kama manya, maza sun ɗan fi mata. Kamar ɗaya cikin goma ne yake da shi ta hanyar gado. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko kwana a ɗaki ɗaya ko wanke marar lafiya. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, ba kuma alhakin wani ba ne.

Ga kamar biyu cikin uku, yana farawa a hannu ko ƙafa. Mutum ya kasa ɓalle maɓalli ko ɗaure zariyar wando, fartanya ta riƙa suɓuce masa, ko takalmi ya riƙa fita daga ƙafa ɗaya, yana yawan tuntuɓe. Ga kamar ɗaya cikin huɗu, yana farawa a harshe da maƙogwaro: magana ta yi nauyi, haɗiya ta yi wuya. Sau da yawa ana ganin tsoka tana rawa a ƙarƙashin fata. Abubuwan da ciwon ya saba bari lafiya su ne gani, ji, jin taɓi a fata, motsin ido, da riƙe fitsari da bayan gida.

Tafiyar ciwon tana taimaka wa gane shi

Babu gwajin jini guda da zai tabbatar da wannan ciwo a asibitin karkara. Likita yana dogara ne da labarin da kuka ba shi, da binciken jiki, da gwajin tsoka na lantarki da ake kira EMG inda akwai na'urar. Likitocin jijiyoyi kaɗan ne a ƙasashenmu, galibi suna manyan birane irin su Yamai da Kano da Yawunde. Saboda haka yadda ciwon yake tafiya babbar shaida ce.

Ciwon jijiyoyin motsi yana farawa a wuri ɗaya, a hankali, sannan ya bazu zuwa makwabtan wurin. Wasu cututtuka da ke kama da shi suna da tasu tafiya daban. Shanyewar ɓarin jiki daga hawan jini takan zo farat ɗaya, cikin awa ko yini. Shan inna yakan kama yaro, ya bar raunin da ba ya bazuwa wata bayan wata. Kuturta ma tana ramar da hannu, amma tana kashe jin taɓi, tana kuma barin tabo a fata. Tarin fuka na ƙashin baya yana zuwa da ciwon baya, wani lokaci da ƙusumbi da kasa riƙe fitsari. Akwai kuma konzo, ciwon sandarewar ƙafafu da ake samu a wasu yankunan Kamaru da Kwango da Afirka ta Tsakiya daga cin rogo mai ɗaci da ba a jiƙa shi sosai ba. Shi ma yana zuwa cikin ƴan kwanaki, sannan ya tsaya.

Kuturta da tarin fuka suna da magani. Matsewar laka a wuya ana iya yi mata aiki. Don haka idan an ce ciwon jijiyoyin motsi ne, amma shekara ta zagayo ba abin da ya ƙaru, ko fata ta daina ji, ko fitsari yana zuba tun farko, ku koma wurin likita a sake bincike. Rubutun da kuka ajiye shi zai nuna wannan.

Tambayoyi goma sha biyu

Ma'aunin da aka fi aiki da shi a duniya shi ne wanda ake rubutawa ALSFRS-R. An fitar da shi a siffarsa ta yanzu a 1999. Ba ya bukatar na'ura ko wuta. Tambayoyi 12 ne a kan abin da marar lafiya yake iya yi a rayuwarsa ta yau da kullum. Kowace tambaya ana ba ta maki daga 4 zuwa 0. Maki 4 yana nufin yana yi kamar da. Maki 0 yana nufin ya kasa sam. Lafiyayye yana da 48.

Tambayoyin sun kasu gida huɗu:

1. Baki da maƙogwaro: magana, yawan yawu, haɗiya.
2. Hannuwa: rubutu, sarrafa abinci zuwa baki, sa tufafi da tsabtace jiki.
3. Gangar jiki da ƙafafu: juyawa a kan shimfiɗa da jan mayafi, tafiya, hawan matakala.
4. Numfashi: haki, wahalar numfashi a kwance, bukatar na'urar taimakon numfashi.

An tsara tambayoyin ne a ƙasashen da kowa ke rubutu, ake ci da cokali da wuƙa, gidaje kuma suna da bene. A wurinmu ma'aikacin lafiya zai zauna da ku a zaɓi abin da zai tsaya a madadinsu. Wanda ba ya rubutu ana iya duba yadda yake ƙirga kuɗi ko danna waya. Maimakon cokali da wuƙa, a duba ko yana iya yanko lomar tuwo ya kai baki. Maimakon bene, a duba hawa dakali ko amalanke. Abin kiyayewa shi ne kada a riƙa canzawa. Abin da aka auna a watan farko shi za a ci gaba da aunawa, kuma ya fi kyau mutum ɗaya ya riƙa yin tambayar.

A rubuta abin da yake yi yau da gaske. Kada a ƙara masa maki don a faranta masa rai, kada kuma a rage don a jawo hankalin likita.

Yadda ake lissafin saurin ciwo

Maki kaɗai ba ya faɗin komai sai an haɗa shi da lokaci. Lissafin mai sauƙi ne. A cire makin yau daga 48, a raba abin da ya fita da yawan watannin da suka wuce tun ranar da aka fara ganin rauni.

A ɗauka mutum biyu sun zo asibiti rana ɗaya, kowanne yana da maki 36. Kowanne ya rasa 12 ke nan. Na farko rauninsa ya fara wata 6 da suka wuce, wato yana rasa maki 2 a wata. Na biyu nasa ya fara wata 36 da suka wuce, wato yana rasa maki 1 a cikin wata uku. A ido halinsu ɗaya ne yau. Amma na farko yana bukatar a yi magana a kan abinci da numfashi a wannan zuwan, ba a na gaba ba. Na biyu yana da sarari.

Idan aka haɗa masu ciwon gaba ɗaya, matsakaicin abin da ake rasawa kamar maki 1 ne a wata. Wanda ya wuce haka da yawa ciwonsa mai sauri ne. Wanda bai kai rabin maki ba, nasa mai tafiyar hawainiya ne.

Saboda wannan lissafi ne likita yake matsa muku da tambayar yaushe abin ya fara. "Ya daɗe" ba ta isa ba. Ku tuna da lokutan shekara. Ya yi shuka da hannunsa a daminar bara? Da aka zo girbi yana iya ɗaure dami? Da salla ko kirsimeti muryarsa ta riga ta canza? Matar gida ko abokin aikin gona sau da yawa sun fi marar lafiya tuna farkon abin.

Sikeli, numfashi da haɗiya

Abin da ke kawo ƙarshen yawancin masu wannan ciwo shi ne raunin tsokar numfashi, sau da yawa haɗe da ciwon huhu daga abinci ko yawu da ya bi hanyar iska. Mutum yana iya kasa tafiya ya yi shekaru a haka. Wani kuma yana tafiya da ƙafarsa amma numfashinsa ya yi nisa da rauni. Don haka akwai abu uku da ake sa wa ido fiye da jimlar maki.

Na farko nauyin jiki. Ramewa da sauri alama ce ta cewa ciwon zai yi gaggawa. A auna shi sau ɗaya a wata, a sikeli ɗaya, da tufafi iri ɗaya. Idan ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa na da, misali daga kilo 60 ya koma 54, an kai matakin haɗari. Kada ku jira a kai nan. Ko kilo 3 ya rasa daga 60, a gaya wa likita. Idan ba ya iya tsayuwa a sikeli, ma'aikacin lafiya zai iya auna kaurin damtse.

Na biyu numfashi. A asibiti ana ba shi wata ƴar na'ura ya ja iska ya cika ƙirji, ya hura duka a ciki. Ana gwada abin da ya fitar da na lafiyayye mai shekarunsa da tsawonsa. Idan ya sauko zuwa rabi, tsokar numfashi ta yi rauni ƙwarai. A gida kuma ana iya wannan: ya zauna, ya ja numfashi ɗaya mai zurfi, ya yi ƙirga da murya, ɗaya, biyu, uku, ba gaggawa, har iskar ta ƙare. A rubuta inda ya tsaya. Amfanin gwajin yana cikin gwada na wannan wata da na watan jiya. Ku lura kuma da waɗannan alamu: ba ya iya kwanciya rigingine sai an tokare shi da matashi, yana farkawa da ciwon kai da safe, yana gyangyaɗi da rana, tarinsa ba ƙarfi, muryarsa tana yankewa a tsakiyar magana, ko wuyansa ya fara kasa riƙe kai.

Na uku haɗiya. A rubuta minti nawa yake ɗauka kafin ya gama cin abinci, da sau nawa ya ƙware a mako. Idan cin abinci ya wuce rabin awa yana gajiyar da shi, ko yana tari duk lokacin da ya sha ruwa, lokacin gyara ya yi.

Matakan ciwo

Bayan maki, likitoci suna da hanyar cewa ciwon ya kai mataki kaza. Wadda aka fi sani ta fito daga asibitin King's a Landan a 2012. Ta raba jiki gida uku: baki da maƙogwaro, hannuwa, ƙafafu. Mataki na 1, ciwon yana wuri ɗaya. Na 2, ya shiga wuri na biyu. Na 3, ya shiga na uku. Na 4, marar lafiya yana bukatar bututun ciyarwa ko na'urar numfashi. A 2015 likitocin Milan da Turin a Italiya suka fitar da tasu, wadda ke ƙirga nawa ne mutum ya rasa cikin abu huɗu: motsi da kula da kai, haɗiya, magana, numfashi. Ta farko ta fi nuna bazuwar ciwon a farkonsa. Ta biyu ta fi nuna yawan jinyar da ake bukata daga baya. Ga iyali, ranar da rauni ya tsallaka zuwa sabon wuri, misali daga hannu zuwa harshe, rana ce da ya kamata a rubuta.

Me likita yake dubawa kafin ya yi hasashe?

Yawancin masu ciwon suna rayuwa shekara 2 zuwa 5 daga farawar alamu. Kamar ɗaya cikin goma yana wuce shekara 10. Bambancin da ke tsakanin mutane babba ne. Lu Gerik, ɗan wasan Amurka da har yau ake kiran ciwon da sunansa a can, an gano nasa a 1939, ya rasu a 1941. Masanin kimiyya na Ingila Sitibin Hokin an gano nasa a 1963 yana ɗan shekara 21, ya rayu har 2018.

A 2018 wata ƙungiyar likitocin Turai, ƙarƙashin jagorancin masu bincike na Utrek a ƙasar Holan, ta tattara bayanan masu ciwo fiye da 11,000 daga cibiyoyi 14. Suka gano abu takwas da, in an haɗa su, suke nuna inda mutum ya dosa: shekarunsa lokacin da ciwon ya fara, ko ya fara a baki ko a gaɓoɓi, tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a gano shi, saurin raguwar maki, ƙarfin numfashi, yawan bazuwar alamu a ranar ganowa, ko akwai rikicewar tunani da hali, da wani canji na gado da ake kira C9orf72. Da wannan suka raba masu ciwon rukuni biyar. A rukunin da ya fi sauri, rabin mutanen sun kai kamar shekara ɗaya da rabi daga farawar ciwo kafin rasuwa ko dogara da na'urar numfashi dare da rana. A rukunin da ya fi jinkiri, rabinsu sun wuce shekara bakwai.

A taƙaice, ciwon yakan fi sauri ga wanda ya kama da tsufa, wanda ya fara masa a harshe da maƙogwaro, wanda numfashinsa ya yi rauni tun farko, da wanda ke ramewa. Yakan fi jinkiri ga matashi, da wanda nasa ya daɗe a gaɓa ɗaya. A manyan cibiyoyin bincike ana kuma auna wani sinadari a jini mai suna nurofilamen, wanda ke fita daga jijiyoyin da ke lalacewa. Yakan yi yawa ga masu ciwo mai sauri.

Ku lura, biyar cikin abubuwan nan takwas ana samunsu ta tambaya da lura kawai. Ku lura kuma cewa hasashe irin wannan yana magana ne a kan rukunin mutane. Idan aka ce rabi sun kai wata kaza, ma'anarsa rabi sun wuce haka.

Abin da aka gani a Afirka

Tun 1974 Farfesa Osuntokun da abokan aikinsa a Ibadan suka buga sakamakon bin diddigin masu wannan ciwo 92 a Najeriya. Ke nan ciwon ba na Turawa kaɗai ba ne. A 2019 aka fitar da wani bincike mai suna TROPALS, wanda ya haɗa masu ciwo 185 daga cibiyoyi tara a ƙasashen Afirka takwas. Ya nuna rabinsu ciwon ya fara musu kafin shekara 53, wato da ƙuruciya fiye da yadda aka saba gani a Turai. Kamar ɗaya cikin huɗu ne kawai ya samu maganin rage saurin ciwon. Daga ranar ganowa, rabin masu ciwon sun rayu wata 14. A Afirka ta Arewa wata 19 ne, a Afirka ta Yamma kuwa wata 4.

Wannan adadi ana ƙirga shi ne daga ranar da likita ya gano ciwon, ba daga ranar da ya fara ba. Wanda ya shekara biyu yana yawo tsakanin mai ƙaho da mai tsaga da mai turare, in ya iso asibiti an riga an cinye yawancin lokacin da za a yi shiri a ciki. Lissafin Turai kuma an gina shi ne a kan mutanen da ke da na'urar numfashi da bututun ciyarwa kusa da su. Shi ya sa ma'aunin da ya fi dacewa da ɗan'uwanku shi ne rubutun tafiyar ciwonsa na kansa.

Idan ciwon ya ɗan tsaya

Ciwon ba ya sauka a miƙe kamar igiyar guga. Wani bincike da aka buga a 2016, a kan bayanan masu ciwo fiye da 3,000, ya nuna ɗaya cikin huɗu yakan yi wata 6 makinsa bai ragu ba. Waɗanda suka yi wata 18 a haka kamar 7 cikin 100 ne. Waɗanda suka samu sauƙi mai yawa da ya ɗore shekara guda ba su kai 1 cikin 100 ba.

Wannan yana da muhimmanci ga aljihunku. Idan tsayawar ta zo daidai lokacin da aka fara wani jiƙo ko wata allura mai tsada, kowa zai ce maganin ne ya yi aiki. Daga nan a sayar da akuya, a sayar da sa, a jinginar da gona. In ciwon ya tsaya ku gode wa Allah, ku ci moriyar lokacin, amma kada ku ba kowa dukiyar marayun gobe saboda alkawarin warkewa.

Haka kuma maki yana iya faɗuwa da sauri saboda wani dalili daban: zazzaɓin cizon sauro, mura a lokacin hunturu, rashin cin abinci, ko baƙin ciki mai nauyi. Waɗannan suna da magani. A yi maganinsu, a sake aunawa bayan mako biyu ko uku.

Abin da ake yi da wannan sani

Amfanin awo shi ne a riga matsala isowa. Idan makin tafiya ya fara sauka, a nemi sanda, a fara neman keken guragu, a share tsakar gida daga abin tuntuɓe, a yi masa kujerar bayan gida mai tudu. A riƙa miƙe masa gaɓoɓi kullum a hankali don kada su ƙage.

Idan haɗiya ta fara wuya, ruwa tsarara ya fi saurin ƙware mutum. Kunu mai kauri, fura da aka dama da kyau aka tace, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa sun fi sauƙin wucewa. A guji ƙuli-ƙuli, gyaɗa, garin kwaki busasshe da nama mai tauri. A ƙara mai, madara, ƙwai ko tunkuzar gyaɗa a abinci don riƙe nauyi. Ya ci a zaune tsaf, haɓa ta ɗan sunkuya, loma ƙanana, sau biyar ko shida a yini, kada ya kwanta sai bayan rabin awa. Wanda ke ramewa ya yi shawara da likita da malaminsa kafin ya ɗauki azumi. Bututun ciyarwa da ake sawa ta ciki ya fi aminci idan an sa shi kafin rama ta yi yawa, kuma kafin numfashi ya sauko rabi. Wanda aka kawo a makare, wani lokaci aikin ba ya yiwuwa.

Idan numfashi ya fara rauni, a ɗaga kan shimfiɗa, a nisantar da shi daga hayaƙin murhu da ƙura. Na'urar da ke tura iska ta abin rufe hanci da dare tana kyautata barci. Wani gwaji a Ingila a 2006 ya nuna ta ƙara kamar wata bakwai ga waɗanda bakinsu da maƙogwaronsu ba su lalace sosai ba. Tana bukatar wuta mai ɗorewa. Kada a sa masa iskar oksijin a gida ba da umarnin likita ba, domin ga mai raunin tsokar numfashi tana iya sa gurɓatacciyar iska ta taru a jini.

Maganin riluzol, wanda aka amince da shi a Amurka a 1995, ana shan miligiram 50 sau biyu a rana. Yana ƙara kamar wata biyu zuwa uku, ba ya mayar da ƙarfin da ya tafi, kuma ana bukatar gwajin hanta. Idan kuɗi bai isa komai ba, ku zauna da likita ku auna shi da abinci mai kyau da kujera da kuɗin mota zuwa asibiti. Akwai kuma magunguna marasa tsada na rage dalalar yawu, ɗaurewar tsoka, dariya ko kukan da ke zuwa ba dalili, da wahalar numfashi a ƙarshe. Ba a barin mutum cikin azaba don ciwonsa ba ya warkewa.

Magana tun murya tana nan

Yawancin masu ciwon hankalinsu yana nan har ƙarshe. Wasu sukan samu ɗan canjin hali, kaɗan kuma rikicewa mai yawa, wanda ya kamata a gaya wa likita. Wanda ya kasa magana yana ji, yana ganewa. Kada a yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan. Tun makin magana yana 3, a koya masa alamu: ƙifta ido sau ɗaya "i", sau biyu "a'a". A yi allo mai hotuna ko haruffa, na boko ko na ajami, wanda zai nuna da ido.

A tambaye shi nawa yake so ya sani. Wani yana son a gaya masa komai, wani ya fi so a gaya wa babban ɗansa ko ƙaninsa. Duka biyu haƙƙinsa ne. Amma bashi, gado, amanar da ke hannunsa, neman gafara tsakaninsa da mutane, da inda yake so a yi jinyarsa, bakinsa ya kamata ya faɗe su. A raba aikin jinya tsakanin ƴan'uwa, kada a bar wa mace ɗaya dare da rana.

Littafin gida

Ku sayi littafin rubutu na ƴan makaranta. A shafin farko ku rubuta watan da rauni ya fara, gaɓar da ya fara, da nauyinsa na da. Kowane wata, a rana ɗaya, ku cika layi guda: kwanan wata, makin tambayoyi 12, kilo, ƙirgar numfashi, sau nawa ya ƙware, da sabon abin da ya kasa. Idan ba mai rubutu a gidan, ɗan makaranta ko ma'aikacin asibitin garinku zai taimaka. Ku zo da littafin duk bayan wata biyu ko uku, ko kowane wata idan ciwon mai sauri ne.

Kada ku jira ranar da aka ba ku idan ya kasa kwanciya saboda numfashi, yana zazzaɓi da tari, ya kwana ya yini bai iya haɗiye ruwa ba, ko barci ya rinjaye shi har tashinsa yana wuya. Ku kawo shi asibiti mafi kusa a ranar, da littafin a hannu.